Wai miyar ce ba gishiri, ko bakin Hajiya ne ya canja?

A gidanmu an fi shekara ana rigimar gishiri. Tun da Hajiya ta dawo wajenmu da zama bayan rasuwar Baba, kusan kullum in an kai mata tuwon dare sai ta dangwali miyar da yatsa ta kai baki, ta yi jim, sannan ta ce "yarinyar nan yau ma mantawa kika yi da gishirin?" Ita kuma maiɗakina tana durƙushe ta ce "wallahi Hajiya na sa, har magi uku na jefa", ta tashi ta koma kicin rai a ɓace. Ni da nake cin miyar nan daga tukunya ɗaya ina jin gishiri ya ji har yana neman wuce gona da iri, amma wa zai buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa ba haka ba ne? Sai in sunkuyar da kai in ci gaba da kai loma, in an shiga ɗaki kuma in yi ta ban haƙuri, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ki yi haƙuri tsufa ne. A raina kuma na ɗauka irin halin surukai ne kawai, neman magana.

Ranar da na gane ba neman magana ba ne, wake aka ɗora aka manta. Ya ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika gidan har maƙwabta suna leƙowa ta katanga, ni ina can ƙofar gida na ji shi na shigo da gudu. Hajiya na zaune a kan dadduma dab da ƙofar kicin ɗin tana jan carbi, ko gezau. Na ce "Hajiya ba ki ji ƙauri ba?" Ta ɗaga kai ta shaƙi iska sau biyu ta ce "ƙaurin me?" Toh daga nan ne fa na fara bin diddigin maganar, kuma abin da na tarar ya sa na ji kunyar irin zaton da na yi mata.

Abin da muke kira ɗanɗano a baki ɗaya, aikin mutum biyu ne, harshe da hanci, kuma hancin ne ya fi ɗaukar kaya. Shi harshe abu biyar kacal ya sani: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, sai na biyar wanda ba mu da takamaiman suna gare shi duk da kullum muna cin sa, wato wannan daɗin da romon nama ko daddawa ko busasshen kifi ke sa wa miya. Wani malamin kimiyya a Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin da ke kawo shi a 1908, daga wani ganyen teku da Japanawa ke yin romo da shi, ya sa masa suna umami, kuma daga binciken nasa aka fara yin farin magin nan da ake ce wa Ajinomoto. Shi kenan fa abin da harshe ya iya. Duk sauran, bambancin miyar kuka da ta kuɓewa, ƙamshin man shanu a kan tuwo, yadda kake gane wannan citta ce wannan kanumfari ne, duk hanci ne. In kana tauna, ƙamshin abincin yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau sama cikin hanci, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa saƙon biyu ta ce maka a baki ka ji. Wanda bai yarda ba ya toshe hancinsa da yatsu ya kurɓi zoɓon da aka sa wa abarba da citta, zai ji tsami da zaƙi da ɗan raɗaɗi kawai, yana sakin hancin sai abarbar ta bayyana kamar yanzu aka zuba ta. Shi ya sa mai mura ke cewa komai salam yake ji, kuma waɗanda korona ta kama a 2020 da yawansu sun ce bakinsu ya mutu alhali hancin ne ya ɗauke. Yaji kuwa ma ba ya cikin lissafin, barkono jijiyar jin zafi yake taɓawa, irin wadda ke gaya maka shayi ya ƙona ka.

A harshen babban mutum akwai 'yan ƙananan ƙwayoyin ɗanɗano dubbai, daga wajen 2,000 har zuwa 10,000 gwargwadon mutum, kowace ɗaya kuma tana ƙunshe da ƙwayoyin halitta kamar 50 zuwa 100, kuma ba sa daɗewa, cikin kwana goma zuwa sati biyu sun mutu wasu sun maye gurbinsu. Shi ne dalilin da in koko mai zafi ya ƙona maka harshe kwana kaɗan ka warke. Da shekaru suka ja wannan sabuntawar tana yin sanyi, waɗanda suka rage ma ba su da kaifin da. Amma duk da haka harshe jarumi ne, jijiyoyi uku ne daban-daban ke ɗaukar saƙonsa zuwa ƙwaƙwalwa, in ɗaya ta samu matsala sauran su rufa mata asiri. Hanci kuwa jijiya ɗaya gare shi ta jin ƙamshi, ga ta can sama a buɗe tana shan duk abin da ka shaƙa, murar shekara sittin, hayaƙin itace, ƙurar hunturu, hayaƙin taba in mutum na sha, kowanne ya ɗan ci wani abu ya wuce. Har 'yan ramukan ƙashin da zaren jijiyar ke bi su shiga kai suna tsukewa in an tsufa.

Akwai wani bincike da Richard Doty da abokan aikinsa na jami'ar Pennsylvania a Amurka suka fitar a 1984, sun gwada mutum kusan 2,000 daga ɗan shekara 5 har mai 99, ana ba su ƙamshi iri-iri su faɗi na mene ne. Waɗanda suka fi kowa iyawa 'yan shekara ashirin da wani abu ne zuwa arba'in da wani abu. A cikin masu 65 zuwa 80 fiye da rabi hancinsu ya yi rauni sosai, waɗanda suka haura 80 kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu ne. Mata sun fi maza a kowane mataki na shekaru, wanda ni bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, duk magidanci ya san ba a ɓoye wa mace ƙamshin tsiren da aka ci a waje. Abin tausayin shi ne abin a hankali yake zuwa, ba kamar ido ba da za ka ga rubutu ya dushe ka nemi tabarau, shi wannan mutum bai san ya rasa komai ba, abin da ya sani kawai abinci ya daina daɗi. In abinci ya daina daɗi kuma wa za a kama? Mai girki mana. Kuma kalmar da ta fi kusa da baki ita ce "ba gishiri", don babu wanda zai ce miyar nan ba na jin ƙamshinta.

Toh amma labarin bai fara daga tsufa ba, tun a ciki ya fara. Abin da mai juna biyu ta ci ƙamshinsa yana shiga ruwan da jariri ke kwance a ciki yana haɗiya, bayan haihuwa kuma yana shiga nono. Julie Mennella ta cibiyar Monell da ke Philadelphia ta nuna wannan a 2001, ta sa wasu masu ciki suna shan ruwan karas a watannin ƙarshe, wasu kuma lokacin shayarwa, da aka zo fara ba jariran abinci sai 'ya'yansu suka fi sauran karɓar kunu mai karas ba tare da yamutsa fuska ba. Wato ɗan Bahaushe tun kafin ya ga duniya ya san daddawa, shi ya sa warin da ke korar baƙo daga kicin shi yake tayar masa da yunwa.

Jariri kuma da son zaƙi ake haifarsa da ƙin ɗaci, ba wanda ya koya masa. Nono zaƙi gare shi, kuma a daji yawancin abin da ke da guba ɗaci gare shi, don haka tofar da ɗaci kariya ce Allah ya yi wa wanda bai san komai ba kuma komai ya samu baki yake kaiwa. Harshen ɗan Adam yana da na'urar gane ɗaci iri wajen 25, na zaƙi kuwa iri ɗaya tak. Gishiri ma sai jariri ya kai kamar wata huɗu yake fara damuwa da shi. In an jera wa yara ruwan suga daga mai ɗan zaƙi zuwa mai zaƙi cau, sukan zaɓi wanda ya fi lemon kwalba zaƙi, wanda babba zai kurɓa ya ce ya hau masa kai. Wani bincike na 2009 a kan yara 'yan 11 zuwa 15 ya samu cewa waɗanda ƙashinsu ke kan girma su ne suka fi son zaƙin, in girman ya fara tsayawa son ya fara sauka. Don haka yaron da ke wawure kuɗin tara ya kai wa mai alewa da gullisuwa da tuwon madara ba lalacewa ya yi ba, jikinsa ne ke neman makamashi, ko da yake wannan ba hujja ba ce ta a sakar masa har haƙora su ruɓe.

Ɗacin ma ba daidai muke jin sa ba. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, yana zuba wani gari a kwalba ya tashi a iska, abokin aikinsa ya ce kai wannan abu da ɗaci yake, shi kuma Fox ɗin bai ji komai ba ko da ya lasa. Daga nan aka gano abin gado ne, wani yana jin wannan nau'in ɗacin sosai wani ko alama. Daga baya kuma aka ga ko da yaro da babba gadonsu ɗaya ne a wannan fannin, yaron yakan fi jin ɗacin. Kenan in ɗanki ya ture miyar shuwaka ko ya ce gauta ba ta ciyuwa, da gaske yake, abin da ke bakinsa ba shi ne ke bakinki ba. Daga shekara biyu zuwa shida kuma yara na shiga wani yanayi na ƙin duk abincin da ba su saba ba, maganinsa ba duka ba ne ba ɗure ba, a yi ta kawo masa kaɗan-kaɗan ba faɗa, yakan kai sau takwas ko goma har sha biyar kafin ya miƙa wuya. Yawancinmu a karo na biyu muke cewa ai shi ba ya cin zogale, shi kenan an yanke masa hukunci har ya girma.

Goro ne ya fi burge ni a wannan maganar. Autana yana ɗan shekara huɗu ya matsa wa Hajiya sai ta sam masa abin da take ci, ta ce "maigidan ba za ka iya ba fa", ya ce zai iya, ta ɓantaro masa ɗan mitsitsi. Tauna ɗaya ya yi ya kwaɓe fuska ya tofar ya hau goge harshe da riga yana kuka, ita kuma tana ta dariya har da hawaye tana cewa mijin da bai iya cin goro ba ai sai a sake shi. Amma wannan yaron in Allah ya raya shi, watakila nan da shekara arba'in shi ne mai goro a aljihu. Me ya canja? Wani ɓangaren kaifin ɗacin ne ya ragu, amma babban ɓangaren koyo ne. Goro yana da sinadarin nan da ke cikin kofi mai wartsakar da mutum, ka ci sau ɗaya sau biyu a wajen ɗaurin aure ko suna, ƙwaƙwalwa ta lura duk sanda wannan ɗacin ya zo kasala na tafiya, ga shi kuma abin manya ne ana miƙa maka shi cikin girmamawa, sai ta daina ɗaukar sa a matsayin gargaɗi ta mai da shi albishir. Haka baƙin shayi, haka yaji, haka gauta. A ganina wannan ne mutane ke ruɗawa in sun ce ɗanɗano na canjawa da shekaru, abu biyu ne suke tafiya tare amma ba hanyarsu ɗaya ba. Daga yarinta zuwa tsakiyar rayuwa abin da kake so ne ke faɗaɗa, daga wajen sittin zuwa sama kuma abin da kake iya ji ne ke raguwa.

Kuma raguwar ba daidai take ba. Gishiri da ɗaci da tsami sukan riga dushewa, zaƙi shi ya fi daɗewa yana nan. Wannan ne ya bayyana mini abin da da nake yi wa kallon rikicin tsufa, tsohon da zai ture tuwo da miyar da aka ɓata awa biyu ana yi, amma a ba shi shayi mai suga cokali huɗu da burodi ko fura da zuma ya shanye tas. Mukan ce tsufa ya mai da shi yaro. Ba haka ba ne, a cikin ƙofofin da daɗi ke shigo masa wannan ce ta rage a buɗe sosai.

Sai dai kar a ɗora wa shekaru komai, nan ne ma nake ganin aka fi yin sakaci. Da yawan abin da ke kashe bakin tsofaffi ba tsufan ba ne kansa, kayan da ke rakiyar tsufa ne, kuma wasunsu suna gyaruwa. Na farko yawu. Abinci sai ya narke a cikin yawu kafin harshe ya ji shi, ka goge harshenka ya bushe ka ɗora suga ka gani, sai ya jiƙe za ka ji zaƙin. Magunguna da yawa suna busar da baki, irin na hawan jini masu sa fitsari, da na mura masu sa barci, ga shi tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba balle su sha ruwa. Wasu magungunan kuma kai tsaye suke taɓa ɗanɗanon, metformin na masu ciwon suga yakan bar wani ɗanɗano kamar ka tsotsi ƙarfe, haka Flagyl, captopril na hawan jini kuma an san shi da dusashe baki. Wanda ke haɗiyar ƙwaya huɗu biyar kullum kam ba a magana. Ba cewa na yi a daina sha ba, a'a, a gaya wa likita, sau da yawa akwai wani da za a canja masa. Sannan haƙora, wanda ba ya iya tauna sosai ƙamshin abincin ba ya fita balle ya hau hanci, haƙoran roba na sama kuma suna rufe ganɗa, ga ciwon dasashi da ke barin nasa ɗanɗanon a baki. Ciwon suga kansa, ƙarancin sinadarin zinc, taba, duk suna ciki. In kuma jin ƙamshi ya ɗauke wa mutum haka kawai ba mura ba komai, a je asibiti, don wani lokacin yana riga cutar karkarwa ta Parkinson ko ciwon mantuwa bayyana da shekaru.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Tsoho ya ce ba gishiri, mai girki don a zauna lafiya ta ƙara gishiri ta ƙara magi, shi kuma dunƙulen magin nan kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, duk abin da zai ci daga safe zuwa dare. Kuma wa aka fi ƙara wa gishirin? Mai hawan jinin, wanda likita ya ce a rage masa. Mafi ban haushi ma ƙarin ba ya biyan buƙata, tunda abin da ya ɓace ƙamshi ne, ko buhu aka juye miyar ba za ta dawo yadda ya san ta ba, baki ne kawai zai saba da gishiri mai yawa gobe ya nemi fiye da haka. Sa'ar da aka yi sabon yana juyawa ta ɗaya gefen ma, an gwada an gani in mutum ya rage gishiri ya daure wata biyu zuwa uku, bakinsa yana daidaita har abincin da ya saba ci da ya koma yi masa gishiri da yawa. Ɗaya haɗarin kuma shi ne a ƙyale shi, ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi, a hankali ya rame ƙarfi ya tafi ana cewa ai tsufa ne. Ga abincin da ya lalace ba zai ji warinsa ba, ga gas in yana yoyo.

Zan yi wa tsofaffinmu adalci guda dai, in sun ce abincin yanzu ba kamar na da ba, ba duka ne laifin hancinsu ba. Kazar gidan gona ta sati shida ba za ta yi garɗin kazar Hausa da ta shekara tana kiwo a bola ba, tumatirin leda ba ɗanye ba ne, man shanu ya zama na masu hali, daddawa kuma 'yan matan yanzu suna gudunta wai tana sa gida wari. Ga kuma abin da ba mai iya dafawa, tuwon da mutum ya ci yana ɗan shekara goma da yunwar makarantar allo a cikinsa, daga hannun uwarsa, da hanci sabo fil. Da wannan ake auna girkin matar ɗa, ina za ta kai?

Mu dai abin da muka yi a gida ba wani abin a zo a gani ba ne. An bar gishirin yadda yake, aka koma neman abin da zai daki hanci da sauran jijiyoyin bakin. Daddawa ta dawo da ƙarfinta, ana soya albasa da tafarnuwa har su yi ja kafin a tsai da ruwan miya, citta da masoro da ɗan kimba, busasshen kifi a daka a zuba, ranar miyar taushe a ƙara yakuwa don tsamin, in dafa-duka ce a matsa mata lemon tsami a kai. Ana kai mata abincin da zafinsa yana tururi don ƙamshi a tururi yake tafiya, a ɗiga man shanu a kai a gabanta ba a kicin ba, kuma ta kurɓi ruwa kafin ta fara. Da muka koma asibiti na yi wa likita maganar bushewar bakin, ya duba katinta ya canja mata ƙwaya ɗaya.

Ba zan ce rigimar ta mutu ba, har yanzu wani daren takan dangwala ta yi jim ɗin nan nata, maiɗakina ta kalle ni in kalli silin. Amma ran Juma'ar da ta wuce miyar kuka aka yi da daddawa har biyu da kan busasshen kifi, ta cinye malmala ɗaya da rabi, ta suɗe yatsu, sannan ta ɗago ta ce "yauwa 'yar nan, yau kam kin sa gishiri." Gishirin kuwa cokalin da ake sawa kullum ne, ni na ga lokacin da aka zuba.